MAI GONA YA BAR MANA AMANA

Karatu: Farawa 2:8-15, Karin Magana 12:10

A kudu da birnin Yawunde na Kamaru akwai wani daji da ake kira Mefou, inda ƙungiyar Ape Action Africa take riƙon marayun goggon biri da cimfanzi. A garin Limbe, bakin teku, akwai wani gidan irinsa wanda aka buɗe a 1993. Mutane sukan taso daga Turai da Amurka da kuɗin aljihunsu, su yi watanni suna sharar keji, suna yanka ayaba da gwanda, suna ba jariran birai madara cikin dare, ba albashi. Wata Baturiya daga Ingila, Rachel Hogan, ta zo Kamaru a 2001 da nufin yin wata uku, sai aka danƙa mata jaririn goggon biri, ta zauna, har daga baya ta zama shugabar ƙungiyar.

Wataƙila kana cewa a zuciyarka, "Yara suna kwana da yunwa a unguwarmu, wani kuwa ya ƙetare teku don ya goyi biri?" Tambayar tana da nauyi, kada mu yi saurin ture ta. Ubangiji Yesu da kansa ya koyar cewa mutum ya fi tsuntsaye masu yawa daraja (Matiyu 10:31). Biri ya yi kama da mutum, amma mutum ne kaɗai aka halitta cikin siffar Allah.

Sai dai ka duba ayoyi biyu da suka gabata. A wurin ne Yesu ya nuna cewa ko ɗan tsuntsun da ba shi da kuɗi a kasuwa ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba. Aikin farko da Allah ya ba Adamu shi ne ya noma gonar Adnin, ya kuma kiyaye ta. Da ruwan tsufana ya zo, Nuhu ya ɗauki dabbobi da abincinsu cikin jirgi bisa ga umarnin Allah. Ashe mulkin da aka ba mu a kan halitta irin na wakili ne, wanda wata rana mai gona zai tambaye shi lissafi.

To, yaya lissafinmu yake? Jaririn biri ba ya zama maraya haka kawai. Maharbi ne yake kashe uwar domin nama, ya ɓamɓare ɗan daga jikinta ya sayar a gari. Ɗan cimfanzi yana shan nono har shekara 4 ko 5, don haka in ba wanda ya tsaya a matsayin uwar, mutuwa zai yi. Goggon birin Kuros Riba, wanda yake zaune a duwatsun iyakar Nijeriya da Kamaru, bai wuce 300 da suka rage ba. Waɗannan dabbobi kuwa su ne suke cin 'ya'yan itatuwa su watsa irin cikin kurmi. In suka ƙare, kurmin zai rame, rafuffukan da manoma suke dogara da su za su bi baya. Wanda ya ceci dabbar ya taimaki ƙauyen da yake gefen dajin, ko bai sani ba.

Amma akwai gwaji biyu ga duk mai irin wannan hidima. Na farko, yaya yake duban mutanen wurin? Maharbin nan sau da yawa uba ne mai neman kuɗin makarantar 'ya'yansa. Baƙon da yake zub da hawaye domin biri, amma ya raina mai dafa masa abinci, ya juya tsarin Allah. Ya kamata ya tuna kuma cewa 'yan ƙasa ne suke ɗauke da babban kayan. A dajin Virunga na Kongo an kashe masu gadi fiye da 200 a bakin aiki. A can ne André Bauma ya karɓi jaririyar goggon biri mai suna Ndakasi a 2007, bayan an same ta manne da gawar uwarta. Ya yi renonta shekara 14, ta mutu a hannunsa a 2021.

Gwaji na biyu, don wa yake yi? Akwai mai zuwa don ya ɗauki hoto rungume da dabba a yaba masa. Yesu ya ce irin wannan ya riga ya sami ladansa (Matiyu 6:2). Gidajen kirki sukan sa a gwada lafiyar mutum kafin ya kusanci birai, domin tarin fuka da murarmu suna iya kashe su, yawancin aikin kuma tsintsiya ce da bokiti. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ɗan'uwana, mai yiwuwa ba za ka taɓa taka Mefou ba. Amma kana da jakin da ake ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa, da akuyar da aka ɗaure a rana ba ruwa, da dajin da ake sa wa wuta don kama gafiya. Karin Magana 12:10 ta sa kula da dabba cikin alamun adali. Ka ciyar da mayunwaci, ka kuma ji tausayin dabba, gama Mai su duka ɗaya ne.

Addu'a: Ya Uba Mahalicci, ka gafarta mana inda muka ɓata abin da ka kira mai kyau. Ka kiyaye masu hidima cikin kurmi, baƙi da 'yan ƙasa. Ka mai da mu amintattun wakilai, cikin sunan Yesu. Amin.