Cinkoson Litinin Ba Shi Ne Ciniki Ba

Duk wanda ya taɓa ratsa Kakuri a Kaduna ranar Litinin ya san yadda kasuwar nan da ake kira Monday Market take cika ta batse. Tun da hantsi masu gwanjo sun fasa dila, sun baje riguna a kan buhu, masu keke napep na ta hon, babu masaka tsinke. Mutanen Makera da Nasarawa da Barnawa da Television har Sabon Tasha, Gbagyi da Bajju da Ibo da Bahaushe, kowa da Hausa yake taya kaya.

Ka tsaya kusa da mai gwanjo ɗaya ka lura. Mata sun kewaye shi. Wannan ta ɗaga riga ta duba hammatarta ta ajiye. Waccan ta ce, "Nawa za ka bar mini?" ta taya, ya ce albarka, ta wuce. Wata ma inuwar laimarsa ce ta tsayar da ita. A cikinsu ɗaya ko biyu ce za ta kwance bakin zani. Da magariba in ya zauna lissafi, ba ya ƙirga waɗanda suka tsaya a kansa, abin da ya shiga lalita yake ƙirgawa. Ranar Talata kuma da wurin ya yi fayau, ba ya cewa mutane sun guje shi. Ya san 'yan kallo, ya kuma san kwastomominsa, waɗanda yake da lambar wayarsu, yake kiransu in zai fasa sabuwar dila, har ya ba su bashi.

Wannan lissafin ne yake kuɓuce wa matasanmu masu shafukan littattafai a Facebook da Instagram da TikTok. Yarinya ta kwana tana karanta littafi, ta rubuta sharhi mai ma'ana, ta wayi gari ta ga mabiyanta sun ragu, sai gabanta ya faɗi. Ta shiga bincike: wa ya tafi, me na yi masa? Wata ta goge rubutun, wata ta yi fushi ta rufe shafin. Ga lamba ƙuru-ƙuru a saman shafi, kowa yana gani, shi ya sa raguwarta take zafi kamar an tozarta mutum a bainar jama'a.

Amma su wane ne a cikin lambar nan? Da farko akwai waɗanda ba mutane ba ne ma. Kamfanonin sukan yi shara lokaci-lokaci, su kwashe asusun bogi. A Disambar 2014 da Instagram ya yi irin wannan shara, mawaƙi Justin Bieber ya rasa mabiya sama da miliyan 3 ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba. Twitter ma ya yi tasa a Yulin 2018. Akwai kuma waɗanda rabon data ko katin waya ya kawo su, rabo ya ƙare suka kama gabansu. Akwai waɗanda suka zo kallon rigima ranar da marubuta biyu suka yi cacar baki kan satar labari. Akwai masu "bi ni in bi ka", waɗanda da sun ga ka bi su sai su zame. Taron tsintsiya ke nan, ba shara. Wasu kuwa ba tafiya suka yi ba, shiru suka yi: tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, mutane da yawa sai sun yi tunani kafin su kunna data.

Sai a ƙarshe a zo kan masu karatu na gaskiya. Su ne za su ce miki, "Anti, na gama littafin nan da kika ce, amma ban yarda da yadda marubuciyar ta kashe uwargidan ba." Irin wannan saƙon guda ɗaya ya nuna an nemi littafin, an zauna da shi, an kai ƙarshe, an dawo da magana. Dubban masu danna alamar so ba su tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Adabinmu ma shaida ne. Lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a farkon shekarun 1990, babu wata lamba da ke nuna yawan masu bin marubuci. Kwafi ɗaya yakan zaga gida-gida ta hanyar aro da shagon haya har bangonsa ya yage a liƙe shi da salatif. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa haka suka shiga ɗakunan mata, wannan ta gama ta miƙa wa waccan. Yagaggen bango shi ne ma'aunin farin jini.

Wannan ba ya nufin duk raguwa a kawar da kai daga gare ta. In kwastoma na ƙwarai ya ɗauke ƙafa, mai hankali yakan tambayi kansa. Mai shafin da ya yi alkawarin sharhi duk Juma'a ya yi wata biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, ko wanda ya cika shafin da tallan turare da atamfa, ko mai yaɗa littafin kuɗi na wata marubuciya kyauta ba da izininta ba, kada ya ɗora wa kowa laifi in masu karatu suka watse. A Kaduna akwai ƙarin abin kiyayewa. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 garin ya rabu, akasarin Musulmi suka tattara arewacin Kogin Kaduna, akasarin Kirista kudanci. Shafin littafi yana cikin 'yan wuraren da ɗan Narayi da ɗan Unguwar Sarki suke haɗuwa su yi musu a kan labari ɗaya cikin raha. Ranar da mai shafin ya saki habaicin addini ko na siyasa, waɗanda za su fice ba 'yan kallo ba ne, kuma da wuya su dawo. Wannan raguwar ita ce ta cancanci a yi baƙin cikinta.

Babban haɗarin shi ne mutum ya shiga canza kayansa don ya dawo da cinkoso. Ya ga sharhin Magana Jari Ce bai tara jama'a ba, amma hoton bangon littafin batsa ya tara, sai ya koma can. Lamba za ta hau, waɗanda aka buɗe shafin dominsu kuma su sulale. Bayan shekara sai ya tarar da kansa da taron da ba ya son abin da shi yake so.

A tuna kuma cewa rumfar ta haya ce. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafansu, ta rufe a Nuwamban 2023. Wanda duk dangantakarsa da masu karatu ta tsaya a lambar da ke saman shafi, ranar da aka rufe dandalin ya tashi a tutar babu.

Saboda haka mai shafi ya rage leƙa lambar, ko da sau ɗaya a wata ya isa. Lokacin da yake ɓatawa wajen farautar waɗanda suka tafi, ya ba da shi ga amsa wa waɗanda suka yi magana. Ya san sunayensu da irin littafin da kowanne yake so, ya haɗa su a zauren WhatsApp, in da hali su riƙa haɗuwa ido da ido suna musayar littattafai. Mutum ashirin da za su karanta littafi ɗaya a wata su zo su yi gardama a kansa sun isa su sa marubuci ya sake buga littafi, sun kuma isa su riƙe mai shafi ko da gobe an wayi gari babu Facebook.