Haƙuri da Mai Gyara: Nasiha daga Bakin Filin Ƙwallo

Yabo da godiya na Allah ne, wanda Ya sanya wa kowane al'amari lokacinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, ina fara yi wa kaina wasiyya da tsoron Allah kafin in yi muku. Ni ba malami ba ne, injiniyan gini ne da karatu ya kawo Manchester, aiki kuma ya zaunar da shi. Wataƙila wani ya ce me ya haɗa wa'azi da ƙwallon ƙafa. Abin da ya haɗa su shi ne harshe da zuciya. Mala'ikun da ke rubuta maganganunmu ba sa ajiye alƙalami don alƙalin wasa ya busa usur.

Da yawanmu a nan muna goyon bayan Manchester United, wasunmu tun muna yara a gidajen kallo na Kano, Kumasi ko Zinder. Duk ranar da aka doke ƙungiyar, zaurenmu na WhatsApp yakan cika da magana guda: a kori koci. Mutumin da bai cika wata shida da karɓar aiki ba, sai a kira shi jaki, a zagi iyayensa, a yi masa fatan sharri. Na taɓa yin irin wannan a gaban ɗana mai shekara tara. Bayan kwana biyu na ji ya jefi ƙanensa da kalmar da na jefi kocin da ita, harafi da harafi. Daga ranar na fara tunani a kan abin da nake son faɗa muku yau.

Mu fara da tarihin ƙungiyar kanta, don yawancin masu kiran a yi kora ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Alex Ferguson ya zo United daga Aberdeen a watan Nuwamban 1986. Ya tarar da ita kusa da ƙasan teburi, rabonta da kofin gasar Ingila tun 1967. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta ƙare a ta 11. Ta hau ta 2 a kaka ta gaba, sannan ta sake gangarowa ta 11. A Satumban 1989 Manchester City ta lallasa ta da ci 5 da 1. Kafin shekarar ta ƙare, an ɗaga ƙyalle a Old Trafford ana yi masa sallama, jaridu kuma suna ƙirga masa kwanaki. A wannan kakar, ta 13 ƙungiyar ta ƙare.

Wannan shi ne abin da mai zama a kujerar kallo yake gani. Akwai kuma abin da ba ya gani. Mutumin yana yaƙi da al'adar shaye-shaye da ta yi kaka-gida a tsakanin wasu 'yan wasa. Ya sayar da Norman Whiteside da Paul McGrath, waɗanda magoya baya ke ƙauna ƙwarai. Ya sake fasalin yadda ake nemo yara masu hazaƙa a unguwanni da makarantu, har da kansa ya je gidan iyayen wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Ryan Giggs. Shugabannin kulob, cikinsu har da Bobby Charlton, suna ganin wannan aikin na bayan fage, shi ya sa ba su saurari ihun ba. A Janairun 1990 Mark Robins ya ci ƙwallo ɗaya tak a gidan Nottingham Forest a gasar kofin FA, a watan Mayu kuma United ta ɗauki kofin bayan doke Crystal Palace a wasan maimaici. A 1991 ta doke Barcelona a Rotterdam ta ɗauki kofin Turai na zakarun kofuna. Kofin gasar bai zo ba sai 1993, shekara 26 bayan na ƙarshe, shekara shida da rabi bayan zuwansa. Yaran nan da aka reno, irin su Giggs da Scholes da Beckham da Gary Neville, su ne suka ɗauki kofuna uku a kaka guda a 1999. Da ya yi ritaya a 2013, ya bar kofin gasar guda 13 da kofin zakarun Turai guda 2.

Ku dubi abin da ya biyo baya. David Moyes ya sa hannu a yarjejeniyar shekara shida, aka sallame shi kafin ya cika shekara ɗaya. Louis van Gaal an sallame shi kwana biyu bayan ya ci kofin FA a 2016. José Mourinho ya tafi a ƙarshen 2018, Solskjaer a 2021, Ten Hag a 2024. Kowanne ya zo da tsarinsa, ya sayo 'yan wasan da suka dace da tsarin, aka kore shi, na baya ya gāji mutanen da ba shi ya zaɓa ba. Ban ce dukansu sun cancanci a bar su ba. Abin da na ce shi ne, wanda kullum yake tone shukarsa don ya ga ko ta yi saiwa, kada ya tuhumi ƙasa idan bai girbe komai ba. Sauri ya haifi nawa.

Sana'ata ta koya mini wannan tun kafin in fahimce shi a ƙwallo. Idan muka zuba kankare, ana lissafin cikar ƙarfinsa a kwana na 28. Ko mai gini ya yi fushi, ko ya ƙara kuɗi, siminti da ruwa ba za su canza ɗabi'ar da Allah Ya sanya musu ba. A hunturun Ingila ma abin ya fi jinkiri. Wanda ya cire katakon da ke tallafe da rufi kafin lokaci, ba ginin kaɗai zai rasa ba, yana iya rasa rayukan leburori. Amma kuma ba ma zama mu naɗe hannu mu ce Allah Ya kai mu kwana 28. Ranar da aka zuba, mukan ɗebi kaɗan mu zuba a ƙananan mazubai mu ajiye. A kwana na 7 a matse wasu da inji har su fashe, a ga nauyin da suka ɗauka. Ba a tsammanin cikakken ƙarfi a ranar, wajen kashi biyu cikin uku ake nema. Idan an samu, sai a jira. Idan ya gaza ƙwarai, an san akwai matsala tun daga kwaɓi. To haƙuri da mai gyara haka yake: a ba shi lokacin da aikin ke buƙata, a kuma auna shi da ma'aunin da ya dace da kwanakinsa. Zalunci ne a nemi sakamakon kwana 28 daga kankaren kwana 7. Sakaci ne kuma a ƙi aunawa gaba ɗaya.

Addininmu ya riga kowa bayyana wannan. Allah Maɗaukakin Sarki Ya siffanta ɗan Adam da gaggawa a Suratul Isra'i da Suratul Anbiya'i, Ya kuma nuna mana maganinta a yadda Ya saukar da shari'arSa. Da Ya so, da Ya saukar da Alƙur'ani a dare ɗaya. Sai Ya saukar da shi cikin shekara 23. Giya ba a haramta ta rana ɗaya ba. An fara bayyana cewa zunubinta ya fi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, sannan hani na ƙarshe ya sauka a Suratul Ma'ida, a lokacin da zukata suka shirya har aka kwarara ta a titunan Madina.

Malaman tarihi sun kawo cewa lokacin da Umar ɗan Abdul'aziz ya zama halifa a shekara ta 99 bayan hijira, ya gāji mulkin da zalunci ya yi wa katutu. Ɗansa Abdulmalik, saurayi salihi mai zafin kishin gaskiya, ya matsa masa ya zartar da gyara gaba ɗaya, komai ta fanjama fanjam. Uban ya hana shi gaggawa, ya tuna masa yadda aka bi da giya mataki-mataki, ya ce yana tsoron idan ya ɗora wa mutane gaskiya a dunƙule su ture ta a dunƙule, fitina ta tashi. Ina neman tsarin Allah daga daidaita kocin ƙwallo da waɗannan bayin Allah. Darasin kawai nake ɗauka: idan gyaran al'umma a hannun adalin halifa ya buƙaci bi sannu, to duk wani gyara da ke ƙasa da shi ya fi buƙata. Ɓarnar da aka shekara goma ana tarawa ba ta kwashewa a kaka guda.

Kada a fahimce ni da cewa haƙuri yana hana canza shugaba. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya sauke Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas daga gwamnan Kufa, amma a kan gadon rasuwarsa ya shaida wa mutane cewa ba don gazawa ko ha'inci ya sauke shi ba, ya ma sanya shi cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu. Wanda ke da alhakin yanke hukunci yana iya saukewa bayan bincike, ba tare da ya keta mutunci ba. Mu kuwa masu kallo daga kan kujera, ba mu ga atisaye ba, ba mu san wanda ke wasa da ciwo ba, ba mu san kuɗin da aka hana kocin ba. Muna da damar faɗin ra'ayi. Ba mu da damar zagi.

A nan ne abin ya tashi daga wasa ya zama hisabi. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi da mummunan zato. Suratul Ma'ida ta umurce mu da adalci ko ga mutanen da muke ƙi. Kocin nan ba musulmi ba ne, amma mumini ba ya zama mai yawan zagi da tsinuwa don ya sami wanda ba musulmi ba. Ɗan Adam ne, yana da uwa da 'ya'ya masu karanta abin da ake rubutawa a kansa. Kuma sau da yawa sunan Muhammad ko Abubakar ne a saman saƙon zagin, a ƙasar da maƙwabtanmu ke karanta Musulunci daga halayenmu.

Mu kuma binciki tushen fushin. Wani ba son ƙungiya ke ƙona masa rai ba, kuɗinsa ne da ya zuba a caca ta waya. Wanda ya sa albashinsa a kan wasan Asabar ba zai iya jiran gyaran shekara uku ba. Caca da giya a aya ɗaya aka haramta su, aka kuma faɗi dalili: suna jefa gaba da ƙiyayya, suna kange mutum daga ambaton Allah da salla. A watan Disamba, wasan ƙarfe uku na yamma yana dab da hutun rabin lokaci magariba ke faɗuwa a Manchester. Mu tambayi kanmu sau nawa muka kasa haƙurin tashi mu yi raka'a uku, alhali muna tuhumar wani da rashin tsari.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne, halin da muka koya a gaban talabijin ba ya tsayawa a can. A bara aka kawo sabon shugaba a Islamiyyar ƙarshen mako da 'ya'yanmu ke zuwa. Ya gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da wasu sun haddace surori da ka amma ba sa iya haɗa baƙi da wasali. Ya mayar da su baya, cikinsu har da ɗana. Na fusata. Ina cikin waɗanda suka ce a canza shi tun bai cika wata huɗu ba, kuma da na koma na karanta abin da na rubuta, sai na ga lafazin da nake yi wa koci ne, an dai cire ashar. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Injiniya, kai da ka san harsashin gini, kai ne za ka hana a tona?" Kunya ta rufe ni. Yau yaron yana buɗe Mus'hafi a shafin da bai taɓa gani ba ya karanta, a hankali, amma da kansa. Da mun yi nasarar korar malamin, da har yanzu muna tafa wa haddar da ba ta da tushe.

Don haka, ya 'yan'uwa, idan an ɗora wani a kan gyaran abin da ya lalace, koci ne ko limami ko shugaban ƙungiyarmu, mu tambayi abu uku kafin mu yanke masa hukunci. Me ya tarar? Wane lokaci irin wannan aikin ke ci? Kuma akwai alamun kwana bakwai, wato tsari da gaskiya da tarbiyyar na ƙasa, ko da kofi bai zo ba tukuna? Idan akwai, mu ba shi lokaci, mu taimaka masa. Idan babu, mu kai nasiha ga masu iko ta hanyar da za mu so a bi da mu ranar da nauyin ya dawo kanmu. Kuma duk ranar da aka doke mu, kafin yatsa ya taɓa waya, mu tashi mu yi alwala. Abin da ya rage na maganar bayan alwala, shi ne ya cancanci a rubuta.

Allah Ya ba mu haƙuri mai tare da basira, Ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinSa, Ya shirya mana zuri'armu a wannan ƙasa ta baƙunta, Ya taimaki duk wanda ya ɗauki nauyin gyara da kyakkyawar niyya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.