Shaidar Jiki a Kan Kansa

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa a babin shaida akwai bambancin da ke tsakanin mai tabbatarwa da mai korewa, watau tsakanin wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce ya ga an yi abu kaza, da wanda ya ce shi dai bai ga an yi ba. Abin da jumhuru suka tafi a kai kuwa shi ne a gabatar da na farko a kan na biyu, domin wanda ya gani yana da ƙarin ilimi, shi kuwa wanda bai gani ba mai yiwuwa ne an yi abin a bayan idonsa. Wannan ƙa'ida, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai na Tasawa da Mayahi don sanin hukuncin rigimar gona da ta bashi, ita nake so in aza a kan wata mas'ala da ba a saba kai ta gaban alƙali ba, ita ce shaidar da jikin mutum ke bayarwa a kan lafiyarsa, musamman game da cutar nan da ake kira ciwon sukari.

Magabata sun ce jiki magayi, kuma ba su faɗi son zuciya ba. A shekarar 1997 wasu masu bincike biyu, Ellen Idler da Yael Benyamini, sun tattara nazarce-nazarce 27 da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, inda aka yi wa jama'a tambaya guda tak, cewa yaya kowa ke ganin lafiyarsa, sa'an nan aka bi rayuwarsu shekara da shekaru. Sai aka tarar a mafi yawan nazarce-nazarcen, waɗanda suka ce lafiyarsu ba ta da kyau sun fi saurin mutuwa, ko da an cire abin da likita ya riga ya gano a jikinsu. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan mutanen wasu ƙasashen Turai ya nuna makamancin haka game da ciwon sukari, cewa masu kukan lafiyarsu sun fi kamuwa da shi daga baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum yana tara wa kansa labarin da ba ya shiga takardar asibiti: kasalar da ke kama shi bayan azahar, da barcin da ba ya ƙosar da shi, da nauyin da ya fara ji in ya sunkuya ɗaukar buta, da tunanin yadda mahaifinsa ya ƙare. Saboda haka in dattijo ya ce maka jikin nan nasa ba kamar da ba, to shaida ce ta tabbatarwa, wajibi ne a karɓe ta, a kai shi a auna, kada a sallame shi da cewa tsufa ne ko gajiyar noma.

Amma fa in jiki ya ce ba komai, a nan ne ƙa'idar ke aiki da dukan ƙarfinta, domin kuwa shaidar korewa ce daga mashaidin da ba ya nan sa'ad da abin ke faruwa. Bayanin haka shi ne, akwai wata ƙaramar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda Allah ya hore wa fitar da wani sinadari mai suna insulin, shi ne ke shigar da sukarin abinci daga jini zuwa cikin tsoka don a yi aiki da shi. To a irin ciwon da ya fi kama manya, jiki ne ke daina sauraron wannan sinadari sannu a hankali, gaɓar ta yi ta ƙara ƙoƙari har ta gaji, sukari kuwa ya yi ta taruwa a cikin jini yana cin ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa, duk ba tare da zazzaɓi ko raɗaɗi ba. Likitoci suna hukunta cewa cutar ta tabbata in an auna mutum da safe kafin ya ci komai aka sami giram 1.26 na sukari a lita guda ta jini, ko fiye, aka kuma sake aunawa aka tabbatar. Ƙoda kuwa ba ta fara zubar da sukari cikin fitsari sai ya kai wajen giram 1.80. Ashe ke nan yawan fitsari da ƙishirwar da ke biye da shi, da kiyashin da mutane ke jiran su gani sun taru a makewayi, duk shaidu ne masu zuwa bayan an daɗe da fara ɓarna. Likitocin Indiya na dauri sun lura da taruwar ƙwari a kan irin wannan fitsari, Ibnu Sina ma, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta cutar. Sai dai su ba su da abin da za su gan ta da shi kafin ta bayyana, mu kuwa muna da shi a ɗigon jini guda daga ɗan yatsa. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da cutar a yankin Afirka, kuma kashi 54 cikin ɗari nasu ba su san suna da ita ba.

A ƙasarmu Nijar kuwa har alamomin da suka bayyana ma suna samun mayafin da za su ɓuya a ciki. Wane ne zai zargi ƙishirwa a watan Afrilu, sa'ad da bazara ke ƙona kowa daga Tasawa har kwarin Gulbin Kaba? Wanda ya tashi fitsari sau da yawa cikin dare sai ya ce shayin da ya sha a fada ne, alhali shayin nan, da irin sukarin da ake tula masa tun daga na fari har na uku, yana cikin waɗanda ake tuhuma. In rama ta zo a ce basir ne, ko shawara, ko kuma a fara waiwayen maƙwabci da zargin sammu. Mafi wuyar sha'ani ita ce ƙiba, domin a ƙasar da ta san yunwa, teɓa alama ce ta rufin asiri: ɗan kasuwan da ya bar gona ya zauna a shago bakin titin da ya bi ta Tasawa daga Maradi zuwa Damagaram, ya sauya tuwon gero da shinkafa da taliya da burodi da lemun kwalba, ya daina taka ƙasa sai bisa babur, shi ne wanda 'yan'uwa ke ce wa ya yi kyau, kuma shi ne ya fi kowa tabbacin lafiyarsa ranar da hatsarinsa ya fi na kowa.

Akwai kuma wani al'amari da ya kamata mutanen jihar Maradi su sani fiye da kowa. A 1992 wasu likitoci biyu na Ingila, Hales da Barker, sun kawo bayanin cewa jaririn da ya sha ƙarancin abinci tun yana ciki ko a farkon rayuwarsa, jikinsa kan ginu a kan tattali, ta yadda in wadata ta same shi da girma sai ya kasa ɗaukarta, ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari; an kuma ga alamar haka a jikin mutanen Holan waɗanda iyayensu mata suka yi goyon cikinsu a yunwar 1944 zuwa 1945. To ƙasarmu ma ta ga farin 1973 da 1974, ta ga na 1984, ta kuma ga yunwar 2005 wadda ta cika asibitocin jihar da yara masu tamowa. Waɗanda aka haifa a 1984 yau sun kai arba'in. Babu ɗayansu da ke tuna yunwar da ya sha a bayan uwarsa, ballantana ya sa ta cikin lissafi in an tambaye shi lafiyarsa.

Sai mu zo ga hujjar da ta fi nauyi a zukatan mutane, wadda ba ta likitanci ba ce, ta aƙida ce. Mai ita zai ce: asalin mutum lafiya ne, kuma usulu ya koyar da mu barin abu a kan asalinsa har sai dalili ya zo, don me zan je in tono abin da Allah ya rufe, in nemo wa kaina cuta, in sayar da natsuwata da wasiwasi? Ashe wannan ba raunin tawakkali ba ne? Maganar tana da fuska, kuma ba na cikin masu yi mata dariya. Sai dai malaman da suka kafa wannan ƙa'ida ta istishabi sun sanya ta a ƙarshen hujjoji, ana komawa gare ta ne bayan an nemi dalili an rasa. Ba su halatta wa mujtahidi ya rufe littafi sa'an nan ya ce bai sami nassi ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya zo maganar tawakkali a cikin Ihya'u, ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku: na yaƙini kamar ruwa ga mai ƙishirwa, da na zato mai rinjaye kamar magungunan likitoci, da na wahami, ya kuma bayyana cewa barin na farko har a halaka haramun ne, riƙo da na biyu kuwa ba ya warware tawakkali. Sayyidina Umar ma, Allah ya yarda da shi, da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'arsa, ya nuna wa masu musu cewa juyawar ita ma cikin ƙaddara take. Ko a nan ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da yaƙe-yaƙen da ke gabansa, har da wanda yake yi da Katsinawan Maradi da Gobirawa, ya sami sararin rubuta littattafai a kan magani. Manomin Mayahi kuwa, in kaka ta yi, yakan ƙidaya dammunan da ya zuba a rumbu don ya san ko za su kai shi damina, ban kuwa taɓa jin malamin da ya kira wannan ƙidaya rashin yarda da Mai arzutawa ba. Awo ba ya kawo cuta. Abin da ke nan yake nunawa.

Haka nan sha'anin godiya. Ladabi ne mai kyau Musulmi ya amsa gaisuwa da lafiya lau da hamdala ko da yana kwance, domin ni'imomin da suka rage masa sun fi wadda ta tafi. Kuskuren shi ne a ɗauki amsar gaisuwa a shiga da ita ɗakin likita, ko mutum ya yi ta maimaita ta har ya gaskata kansa. Malamai sun rarrabe tsakanin kai ƙarar Ubangiji ga bayinsa, wanda abin ƙi ne, da ba mai magani labarin ciwo, wanda babu laifi a cikinsa.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce ta talaka, wanda zai ce: in na sani, me zan yi da sanin? Gaskiya ne cewa jinyar kyauta da gwamnatin Nijar ta kafa a 2006 ta fi shafar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki, baligi mai ciwon sukari kuwa aljihunsa ne gatansa, kuma allurar insulin tana son wuri mai sanyi a ƙauyen da ba lantarki. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, ba kuma za ta sauke shi da wa'azi ba. Amma fa sanin wuri shi ne mafi arha. Bincike a Finlan a 2001 da wani a Amurka a 2002 sun nuna cewa mutanen da sukarinsu ya fara hawa bai kai haddin cuta ba, da suka rage ƙiba kaɗan, suka gyara ci, suka riƙa motsa jiki kamar rabin sa'a a yini, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Wannan magani ne da ba a saye: tafiya masallaci da kasuwa a ƙasa, fura ba sukari, wake da ganye a akushi, rage lemun kwalba. Wanda ya jinkirta har ƙaya ta soke shi a ƙafar da ta daina ji, gyambo ya ƙi warkewa, shi ne zai sayar da akuya da gona a kai shi Maradi, wataƙila kuma ya dawo ba ƙafar. Masu jarkokin magani da lasifika a kasuwa, masu rantsuwar warkar da sukari cikin mako guda, suna cikin kashi na uku na Gazali.

Ko a babin azumi malaman zamani ba su bar hukunci a hannun abin da mutum ke ji ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Sharja a 2009, ta kasa masu ciwon sukari gwargwadon hatsarin da azumi ke jawo musu, ta ce masu hatsari mai tsanani su sha, ta kuma jingina tantancewar ga likita, duk kuwa da cewa da yawa daga cikinsu za su rantse suna jin ƙarfi.

Hukuncina dai shi ne a karɓi shaidar jiki in ya yi ƙara, a ƙi dogara da ita in ya wanke kansa. Ina roƙon limaman Juma'a na Tasawa da Mayahi da ƙauyukansu su faɗi wannan a kan mumbari, domin bakinsu ya fi na likita isa. Kai kuma mai karatu, in ka kai arba'in, ko kana da teɓa, ko hawan jini, ko wani a gidanku ya yi ciwon, haka ke ma 'yar'uwa in kin taɓa haifar jaririn da ya wuce kilo huɗu, a yi sammako kafin karin kumallo a je asibiti a nemi awon sukari.