Ƙana'a ce ko tilas?

Wannan Juma'ar za mu leƙa ƙauyukan ƙasar Ayalan, kusan shekara 200 baya.

Talakan can a lokacin, dankalin turawa ne abincinsa safe, rana da dare. Uwar gida ta dafa shi da ɓawonsa, ta juye a faffaɗan kwando ruwan ya tsiyaye, iyali su kewaye kwandon suna ɓarewa da hannu. Mahaɗin dai gishiri ne da tsalar nono, in an samu. Ƙato mai aikin gona kan tashi da kusan kilo 6 a yini. Nama kuwa sai ranar biki.

Wani zai ce, "Kai, waɗannan bayin Allah akwai ƙana'a!" To amma mu tsaya tukuna. Shin wanda ba shi da zaɓi, ana kiransa mai ƙana'a?

Ƙasar tana fitar da hatsi, da shanu, da man shanu. Sai dai yawancin gonakin na manyan masu filaye ne, manomi haya yake yi. Hatsin da ya noma da dabbar da ya kiwata, kuɗin haya ke cinye su. Dankali ne kaɗai ke iya riƙe gida a ɗan guntun fili.

A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa. Kafin 1852 mutum wajen miliyan ɗaya sun mutu, wasu kamar hakan sun yi ƙaura, yawanci zuwa Amurka da Ingila. Duk da haka jiragen ruwa ba su daina ɗaukar abinci daga ƙasar zuwa kasuwannin Ingila ba. Ba sata aka yi ba, ciniki ne, kowa ya kai kayansa inda farashi ya fi.

A ganinmu, ƙana'a ta mai iya ƙari ce ya ce ya isa. Abin da ke kan wancan kwando haƙuri ne bisa tilas, kuma yabon haƙurin talaka ba ya sauke nauyin wanda rumbunsa ke cike.

Mu da yawancinmu kayan abinci muke saye da sayarwa, kowa ya tambayi kansa: ran da farashi ya tashi, maƙwabci bai ɗora tukunya ba, ina za mu kai buhun?

Allah ya sa mu dace.