Abin da Fure Mai Yaushi Ke Koya wa Baƙo

 

A ƙasar Hausa, kaka ce lokacin da ciyawa ke yin rawaya, furanni su yi yaushi, a shiga girbi. A Ingila, inda na yi digiri na biyu, hakan na faruwa daga Satumba zuwa Nuwamba. A nan Doha kuwa lissafin ya juya: sai zafi ya sassauta wajen Oktoba da Nuwamba ake dasa furanni a shataletale da gefen tituna, idan Afrilu da Mayu suka kama, zafi ya doshi digiri 40, sai su sunkuyar da kai. A lokacin ne nakan ɗauki hotunansu da wayar hannu a unguwarmu, Farij Abdul Aziz, kusa da Mushairib, ba fitila, ba gyaran launi. Mafi yawan malamai ba su ga laifi a surar itace ko fure ba, har an ruwaito Ibnu Abbas ya shawarci wani mai zane da ya koma zana itatuwa.

Mu injiniyoyi mun san cewa hoto aikin haske ne. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Saboda haka irin hasken da ka zaɓa shi ke yanke abin da za a gani. Hasken tsakar rana daga sama yake dukan fure, ya wanke launinsa. Na bayan fitowar rana da na gab da magariba kuwa daga gefe yake zuwa a tausashe, ya fito da kowace jijiya da kowane gefe da ya ƙone. Waɗannan lokuta biyu kuma suna kusa da na azkar ɗin safe da na yamma.

Alƙur'ani ya maimaita buga misalin rayuwar duniya da shukar da ta yi kore sannan ta bushe: a Suratu Yunus aya ta 24, da Suratul Kahfi aya ta 45, da Suratul Hadid aya ta 20. Mai duba furen da kyau zai ga wani abu kuma. A tsirrai da yawa, da zarar barbara ta kammala, sai shuka ta janye abinci daga ganyayen furen ta mayar wa iri. Ku tuna yakuwa a gonakinmu: furenta yini ɗaya yake yi ya faɗi, sannan ƙoƙon da ya bari ya kumbura ya yi ja, shi ne zoɓon da muke sha. Haka kuɓewa take. Manomi bai taɓa kukan faɗuwar fure ba. Abin da ke ba shi tsoro shi ne furen da ya faɗi bai bar komai ba.

To, mu da ke ƙasashen waje, wane hoto muke aikawa gida? Galibi na furen da ke tsakiyar tashensa: gaban dogayen gine-gine, cikin manyan kantuna, an goge fuska an ƙara haske. Ba a nuna ɗakin da mutum shida ke kwana, ko bashin da aka ci kafin a taho, ko katin zama mai ranar ƙarewa. Ƙane a Kano ko Maraɗi ya gani, ya raina sana'arsa, ya matsa wa mahaifi a sayar da gona a biya dillali. Uwa ta gani, ta zaci ɗanta rowa yake yi. Hoton da ya ɓoye rabin gaskiya yana iya cutarwa kamar maganar ƙarya, kuma ƙofa ce da riya ke saurin shiga ta cikinta.

Ba a ce mu tallata asirinmu ba, rufin asiri ni'ima ne. Amma duk wanda ya nemi shawararmu kan tahowa, amana ce mu gaya masa albashin da kuɗin haya da sharuɗɗan kwantiragi yadda suke. Kafin mu aika hoto, mu tambayi zuciya: godiya ce ko nuna isa? Sannan kowa ya yi wa kansa hisabi: idan ƙarfi ya ragu, kwantiragi ya ƙare, wane iri zai bari? Marayan da ya ɗauki nauyin karatunsa, rijiyar da ya haƙa, sana'ar da ya koyar, 'ya'yan da suka san sallarsu da harshensu.

Allah Ya nuna mana kawunanmu cikin hasken gaskiya tun muna da sauran lokaci, Ya sa mu gama lafiya, mu bar baya mai albarka. Amin.