Tunatarwa ga 'Yan'uwa Muridai a kan Gwarzon da Ya Cancanci a Yi Koyi da Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci zukata, ya sanya su masu karkata zuwa ga abin da suke girmamawa, sa'an nan ya aiko manzanni domin karkatar ta zama bisa shiriya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, cikamakin annabawa, limamin jarumawa, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wannan 'yar takarda ce zuwa ga 'yan'uwa ma'abota ɗariƙa, musamman samari masu tasowa a zawiyoyi, a kan tambaya guda: wane ne gwarzo, kuma da me ake gane wanda ya cancanci a yi koyi da shi? Ka sani, ya kai muridi, Allah ya datar da mu da kai, tambayar nan tana da nauyi. Zuciya kamar ɗanyen yumɓu take, duk wanda ta girmama sai ta ɗauki siffarsa, ko mai ita ya sani ko bai sani ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya yi kuskuren gwarzo ya ɓata hanya tun daga ƙofar gida, ko da wuridinsa bai taɓa kuɓuce masa ba safe da maraice.

Fasali na farko: abubuwa uku masu ruɗin ido

Na farkonsu ƙarfin dantse da rashin tsoro a fagen fama. Wannan baiwa ce, amma ita kaɗai ba ta isa shaida. Masu sira sun ambaci wani mutum a Madina, ana ce masa Ƙuzmanu. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya yi yaƙi irin wanda ya ba mutane mamaki, har ya sha rauni. Da aka zo yi masa albishir, ya bayyana cewa ƙabilanci ne ya fito da shi, addini bai dame shi ba. Da ciwo ya tsananta ya kashe kansa. Kuma ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa daga farkon waɗanda za a yi wa hukunci ranar alƙiyama akwai wanda aka kashe a fagen yaƙi, alhali ya yi yaƙin ne domin a ce da shi jarumi. An kuwa faɗa a duniya, ladansa ke nan ya karɓa.

Na biyu yawan mabiya da dukiya da amon suna. Wannan kam Fir'auna ya samu, Ƙaruna ma ya samu. Taro yakan bi gaskiya wani lokaci, yakan bi ganga wani lokaci, ba ya zama ma'auni.

Na uku shi ne mafi haɗari gare mu, mutanen ɗariƙa, wato abin da ya saɓa wa al'ada. Karamar waliyyai gaskiya ce, ba mu musunta ba. Sai dai malamai sun yi bayanin istidraji, wato Allah ya saki igiya ga mai saɓo, ya buɗe masa abin mamaki domin ya ƙara nitsewa cikin ɓata. Saboda haka Abu Yazidu Busɗami ya yi gargaɗi kada a ruɗu da mutum ko an gan shi yana tashi sama, sai an duba yadda yake da umurni da hani da iyakokin shari'a. Magabata sun haɗu a kan cewa istiƙama, wato dawwama bisa gaskiya, ta fi karama girma.

Fasali na biyu: abin da ya faru a Magami

Ga misali daga ƙasarmu. Wajen shekarar 1788 ta Miladiyya, Sarkin Gobir Bawa, wanda ake yi wa laƙabi da Jan Gwarzo, ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla. Ubansa Babari ne ya ci Zamfara ya kafa Alƙalawa, shi kuwa Bawa babu sarkin da ba ya shakkarsa a wannan yanki. Cikin waɗanda suka halarta akwai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, wanda aka haifa a shekarar 1754, ka ga a lokacin bai cika shekara 40 ba. Ba shi da runduna, ba shi da birni, sai almajirai da littattafai.

Sarki ya raba wa malamai kyauta, ya ware wa Shehu miskali 500 na zinariya. Shehu bai karɓa ba. Maimakon dukiya ya nemi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a cikin ƙasar, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amince da su duka.

To, ka tsaya ka yi tunani, ya kai ɗan'uwa. Gwaraza biyu suka haɗu a filin idin nan. Ɗaya ya mallaki ƙasa da dawaki da mashi, ɗaya ya mallaki ransa. Kyautar sarki ba haramun ba ce a kowane hali, malamai da yawa sun karɓa ran nan. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, harshen da ya lashi zumar fada kuwa yakan yi nauyi wajen faɗin gaskiya a fada. Dubi kuma abin da ya roƙa: fursuna da talaka, mutanen da ba su halarci wurin ba, kuma ba su da abin da za su saka masa da shi. Wannan ita ce futuwwa da Imam Ƙushairi ya keɓe wa babi a cikin Risalarsa, wato mutum ya fifita waninsa a kan kansa, ya yi adalci ba tare da ya nemi a yi masa ba.

Kada ka ce Shehu ya zama gwarzo ne domin Alƙalawa ta faɗi a shekarar 1808, domin ran nan a Magami babu wanda ya san abin da zai faru bayan shekara 20. Da Allah ya ɗauki ransa a kan hanyarsa ta komawa gida, da abin da ya aikata bai ragu da ƙwayar gero ba. Adalci kuma ya wajaba mu faɗa: Bawa, da aka mayar masa da kyautarsa a bainar jama'a, yana da ikon ya hukunta, amma ya danne zuciyarsa ya biya buƙatun. A wannan sa'a shi ma ya ɗanɗani wani abu na jaruntar gaskiya. Ai ya inganta a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya mayar da ma'anar ƙarfi daga mai kayar da mutane a kokawa zuwa ga mai riƙe kansa lokacin fushi.

Fasali na uku: jarrabawar da ke zuwa bayan nasara

Ka sani barin abin da ke hannun wani ya fi sauƙi bisa barin abin da ya riga ya shigo hannunka. A nan ne ake tankaɗe mazaje. Halidu ɗan Walidu, Takobin Allah, yana jagorancin rundunar Musulmi a Sham sai Sayyidina Umaru ya cire shi ya naɗa Abu Ubaida. Halidu ya ci gaba da yaƙi ƙarƙashin wanda aka ɗora a kansa, bai tara jama'a ba, bai ta da fitina ba. Sayyidina Hasan ɗan Aliyu, yana da dubban mayaƙa da suka yi masa mubaya'a, ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 bayan Hijira domin kada a zubar da jinin Musulmi. Wasu daga cikin mutanensa sun zarge shi, alhali kakansa ya riga ya yi bushara cewa Allah zai sulhunta manyan ƙungiyoyi biyu na Musulmi ta hanyarsa.

Haka nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, wanda ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a shekarar 1804. Da ya ga son ganima da muƙami ya fara shiga zukatan mutane, ya bar runduna a shekarar 1807 da nufin tafiya gabas, kamar yadda ya ba da labari da kansa a cikin Tazyinul Waraƙat. Ya isa Kano, mutanenta suka riƙe shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sa'an nan ya koma ya ci gaba da ɗaukar nauyin jama'a. Da Shehu ya rasu a shekarar 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, alhali Abdullahi baffansa ne, malaminsa ne, ya girme shi. Abin ya yi nauyi, an yi 'yan shekaru ana nesa-nesa. Daga baya suka haɗu a Kalambaina, baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, ƙasa ta tsira daga tsagewa gida biyu.

In ka ce: wannan magana za ta koya wa samari ragwanci, kowa ya ja da baya ya kira shi tawali'u. Sai mu ce: Imam Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u cewa jarunta matsakaiciya ce tsakanin tsoro da ganganci. Wanda ya bar haƙƙi domin ba shi da ikon karɓa, ba a ce ya yi afuwa ba. Wanda ya yi shiru ana zaluntar maraya a gabansa, ba a ce ya yi haƙuri ba. Duk waɗanda muka ambata sun tsaya a inda tsayuwa ke da tsada. Abin da suka bari rabon ransu ne, haƙƙin Allah da na bayinsa kuwa ba su sassauta a kansa ba. Asalin wannan duka yana wurin Manzon Allah ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira: ya shiga kansa sunkuye, waɗanda suka kore shi suna cikin hannunsa, ya sake su.

In ka ce kuma: na ga wanda nake girmamawa ya yi tuntuɓe, yaya zan yi? Sai mu ce: babu ma'asumi sai annabawa. Kada ka bi shi cikin tuntuɓen, kada ka ƙirƙira masa fassara domin ka kare shi, kada kuma ka zubar da alherin da ka koya wurinsa. Ka duba abin da ya yi bayan faɗuwar. Fulailu ɗan Iyali ɗan fashi ne kafin ya tuba, ya rasu a Makka yana cikin manyan masu zuhudu.

Fasali na huɗu: yadda muridi zai auna, da yadda zai yi koyi

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In kana son sanin mutum, ka lura da shi a wurare biyar: lokacin da aka fusata shi, lokacin da aka ba shi, lokacin da aka hana shi, lokacin da aka yabi waninsa a gabansa, da lokacin da ya shiga cikin iyalinsa inda babu mai yi masa kirari. Ka ƙara da na shida: ka dubi waɗanda suka daɗe tare da shi. Shin salla a kan lokaci ta ƙaru gare su, da gaskiya a ciniki, da tausayin na ƙasa? Ko kuwa abin da ya ƙaru gare su shi ne alfahari da raina wanda ba nasu ba?

A nan akwai wata dabarar rai da ya kamata ka farga da ita. Rai yana son labarin karama fiye da labarin hali, domin karama ba a koyi da ita, saboda haka ba ta neman kome daga gare ka. Za ka kwana kana ba da labarin yadda shehi ya yi tafiyar wata guda cikin dare ɗaya, gari ya waye kana nan yadda kake. Amma in aka ce maka shehi ya mayar da dukiyar da ke da shubuha, ya yafe wa wanda ya zage shi, to, an ɗora maka bashi, domin kai ma kana iyawa. Shi ya sa za ka ga mutum ya rataye hoton shehinsa a shago, yana tauye mudu a ƙarƙashin hoton. Shi ya sa kuma Baƙadire da Batijjane sukan ɓata dare suna gardamar wane shehi ya fi, alhali Shehu Abdulƙadir Jilani da Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara musu yarda, kowannensu ya kira mutane ne zuwa ga tsarkake zuciya da bin sunna.

To, ga abin da nake yi maka wasiyya da shi. Ka zaɓi hali guda daga halayen wanda kake girmamawa, ƙarami wanda kake iya ɗauka, kamar riƙe harshe lokacin fushi, ko barin kwaɗayin abin hannun mutane. Ka lizimce shi kwana 40, kana yi wa kanka hisabi kowane dare bayan wuridi. In ya zauna, ka ɗauki wani. Da haka ƙauna ke zama koyi.

Kada kuma ka zaci gwaraza sai cikin littafi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a shekarar 1864, ta naɗa jajis, mata dattawa masu tafiya ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu mata tsarki da salla. Mafi yawansu ba a san sunayensu yau ba, Allah kuwa ya sani. Irinsu suna nan cikinmu: tsohuwar da ke ciyar da almajiri daga ɗan abin da take da shi, ɗan kasuwar da ke faɗin aibin hajarsa, ladanin da ya shekara 30 bai nemi a gode masa ba. Ka neme su, ka zauna kusa da su.

Muna roƙon Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ya kare mu daga riya da jiji da kai da son a sani, ya sanya mu cikin masu rinjayar rayukansu, ya tashe mu tare da waɗanda muke ƙauna dominsa. Allah ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu da dukkan Musulmi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.