Yatsan da Bai Gaji Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba, Sallallahu Alaihi Wasallam.

A shekarar 2024, wasan Hamster Kombat na Telegram ya ratsa Kano da Damagaram har Matamaye. Samari suka duƙufa dangwalar waya dare da rana, wai suna haƙar kuɗin intanet. Muridin da lazimin safe ke yi wa nauyi, istigfari 100, salati 100, hailala 100, sai ga shi yana dangwala dubu-dubu, yatsa bai gaji ba. Wani har ya zaɓi launin motar da zai saya.

Ranar 26 ga Satumba aka kai kuɗin kasuwa. Da yawa, abin da suka samu ko kuɗin data bai mayar ba, alhali mai noman rake a fadama ya ƙirga ribarsa.

Asarar sefa tana da sauƙi, ana mayar da ita. Wazifar da ta wuce murid yana kan waya ita ce abin kuka. Ashe himmar tana nan, alƙibla ce ta karkace. Wanda ya iya wancan naci, carbi ba zai gagare shi ba.

Allah Ya azurta 'yan'uwa da halal da wadatar zuci, albarkar Shehu Tijjani.